Cindo da Akwatin Irin Albasa

Duk wanda ya taɓa sa ƙafa a jirgi a bakin ruwan Warra, zamanin ana Jihar Sakkwato, ya san Cindo mai gyaran jirgi. Gajere ne, mai yatsa shida a hannun hagu, mai ƙarancin magana da yawan tsaki. Aikinsa guda, ya nemo inda katako ya tsage, ya cusa tsumma, ya bi da kwalta mai zafi. Shekara talatin yana wannan sana'a, kuma abin da yake taƙama da shi ke nan, wai jirgin da ya bi ta hannunsa ko gumi ba ya yi. Ba ƙarya yake ba. Sai dai sana'a takan bi mutum har gida. Ko ƙwaryar furar matarsa Marka ta tsage, kafin ta juya ya liƙe ta, ta yi mako tana shan fura da warin kwalta.

Asalinsu mutanen wani gungu ne a tsakiyar Kwara, wanda ruwa ya ci lokacin da aka datse kogin a Kainji. Ranar tashi kowa ya ɗauki abin da ya fi so. Innar Cindo ta bar turminta da tukwanenta, ta ƙulle irin jar albasarta a bakin zane. Albasa ce ƙarama, mai yaji, wadda ke kai wata shida a ajiye ba ta ruɓe ba. Da Inna ta rasu, irin ya koma hannun Marka. Kowace shekara ta shuka, ta dasa a lambunsu na bakin ruwa, ta bar wasu su yi fure, ta cika gwangwanin madara da baƙin iri. Sauran 'yan gungun duk sun koma wa irin kasuwa mai manyan kai. Na Inna bai rage ko'ina ba sai a gwangwanin nan.

A damina ta 1988 ruwan sama ya ƙi ɗaukewa. Marka ta shuka fangalinta, ruwa ya wanke shi. Ta sake, ya sake. Abin da ya saura a gindin gwangwani bai cika cokali biyu ba, kuma irin albasa ba ya jiran baɗi, in ya kwana biyu sai ya mutu a ajiye. Ko dai ya fito bana, ko a yi sallama da shi.

Hankalin Cindo ya tashi, don irin nan kaɗai ne abin Inna da ya rage masa. Ya yanke shawara wannan karon a ɗaka za a yi renon. Ya ɗebo ragowar katakon jirgi ya haɗa akwati mai tsawon kamu uku, ya bi kowace gaɓa da tsumma da kwalta, ya samo gilashin wata matacciyar mota ya yi murfi, ya zauna daram. Ya ajiye shi gindin tagar gabas, a ɗakinsu mai rufin kwano. Maƙwabcinsa Ishaya ya leƙo ya yaba, ya ce wannan ai ko Yelwa za a iya zuwa a cikinsa. Cindo ya ji daɗi, bai gane zolaya ba ce.

Suka zuba ƙasa suka shuka ɗan abin da ya saura. Kwana shida iri ya tsiro, siri-siri kamar gashin jariri. Murna a wurin Cindo ba a magana. Kwana uku bayan haka murna ta koma ciki. Da hantsi gilashin kan yi gumi yana ɗiga, in ka ɗaga murfi wani huci ya buge ka kamar an buɗe tukunyar dambu. Farar fumfuna ta hau ƙasar, tsiron ya fara ruɓewa daga wuya yana kwantawa. Cindo ya duba, ya yi tsaki, ya yi abin da ya sani. A ganinsa duk ɓarna daga kafa take shigowa, don haka ya ƙara bin bakin murfin da tsumma. Washegari rabi ya kwanta.

Marka ta yi kwana biyu tana kallonsa, don ta san mijinta, in ka ja shi gaba baya yake yi. A na uku ta kasa haƙuri. Ta ɗebo ruwa a randa da kuma a bokitin kwano, ta ce ya kurɓi kowanne. Na randa sanyi ƙalau, na bokiti kamar na wankan jego. Ta tambaye shi wanne ne a liƙe cikinsu.

"Jirgi kay yi masu, Cindo, ba gado ba," in ji ta. "Kai da kanka in an rufe ka haka, mi za ka shaƙa?"

Tunda Cindo yake bai taɓa huda katako ya bar hudar a buɗe ba, sai dai ƙusa ta bi bayanta. Ya ji kamar an ce ya zagi kansa a kasuwa. Amma ya dubi ɗan abin da ya rage a tsaye, ya fita ya sa ƙarfensa na huda katako a murhu har ya yi ja. Huda ta farko sai da ya kau da kai. Ya yi huɗu a gindi don ruwa ya tsiyaye, ya jera wasu a gefen da iskar tafki ke shigowa, wasu can sama a ɗaya gefen don zafi ya sami hanyar fita. Ya cire tsumman murfi, ya tokare gilashin da ɗan kara. Marka ta jiƙa buhun algarara ta rataya a rabin tagar, iska na ratsa shi tana shigowa da sanyi. In rana ta take, sukan ɗauke gilashin gaba ɗaya, su buɗe ƙofa, Cindo ya zauna a bakinta yana korar awaki, yana ƙara wa buhun ruwa da moɗa. Masu jirage suka yi ta aike, ya ce su jira.

Ruɓewar ta tsaya. Tsiron da ya tsira ya yi kauri, ya miƙe. Da sanyi ya fara shigowa suka dasa, bai wuce fangali biyu ba, kuma a shekarar ko ɗaya ba su sa a miya ba, duka suka bari don iri. Akwatin kuwa Cindo ya juya hudojinsa bango, wai kada masunta su gani su ce tsufa ya kama shi. Ishaya dai ya riga ya gani, kuma duk Warra ta ji.

Da furen ya bushe Marka ta murje shi a faifai, ta sheƙe, baƙin iri ya cika gwangwani har ya yi saura. Sauran ta ƙulla kashi uku ta kai gidajen 'yan gungunsu, don kada abin Inna ya sake rataya a wuyan akwati guda. Sannan ta dawo ta tarar da Cindo a inuwa, ta ajiye masa gwangwanin a gaba.

"Wanga kam iska ba ta yi mai daɗi," ta ce. "Liƙe shi yadda ka iya."

Cindo ya karɓa da hannu biyu. Ya riƙe shi jim kaɗan, yana tuna bakin zanen Inna ranar tashi, sannan ya miƙe ya ɗora kwaltarsa a wuta.