Ƙullin Wuyan Uwaliya

Uwaliya ta Getso ba ta taɓa jan waƙa ba a rayuwarta. Amshi ne aikinta, shi ma na can ƙasa. Mu huɗu ne muke waƙar biki: Sa'ada mai ja, Badi'a mai siririyar murya kamar sauro ya samu kunne, ni mai kaɗa ƙwarya da tsoma baki inda ba a kira ni ba, sai Uwaliya da ke ɗauke da mu duka.

Tun tana budurwa muryarta ke da kauri. Da aka kawo ta gidan Malam Datti a Gwarzo, ta yi gaisuwa daga ɗaki, sai uwar mijin ta jawo mayafi, ta zaci ƙato ne ya shigo. Ta haifi 'ya'yanta, ta yi sana'ar ƙuli-ƙuli, ta yi takabar Malam Datti, duk ba a ji ta da kowa ba. Ba ta da surutu. Nata rabon ni nake yi mata.

In za mu gwada waƙa, a tsakar gidan Sa'ada muke haɗuwa bayan la'asar, kuma ba wadda ke buɗe baki sai Uwaliya ta yi gunji a maƙogwaro, bakinta a rufe. A kan wannan gunjin Sa'ada ke ɗora muryarta, Badi'a ta haye sama. Ba mu da wani ma'auni. In Uwaliya ta ce nan ne, to nan ne.

Bana bayan an yanke gero aka kira mu wani biki a Kabo. Sa'ada ta shirya sabuwar waƙa, muka shiga gwaji. Sai na lura waƙar tana sauka. Yau ta zame kaɗan, jibi ta ƙara. Uwaliya ta ba da gunji ƙasa da na jiya, mu kuwa mu bi ta zugum-zugum kamar tumaki. Badi'a mai tsaga kunne ta koma kamar mai mura. Kowa ya ji, ba wadda ta tanka. Ba a taɓa ce wa Uwaliya ta kauce ba, ba mu ma san ta inda ake farawa ba.

Sannan ga mayafi. Matar da ke zama cikinmu da ɗankwali kawai, ta koma naɗe wuya a tsakiyar zafi. A kawo ɗanwake, ta ce ta ƙoshi. Ruwa ma sai ta juya mana baya take haɗiya.

"Uwaliya," na ce, "wane tsoho ne ya ba ki sarƙa kike ɓoye mana?"

"Sanyi nake ji, Yaya."

"Ƙadangaru na neman inuwa, ke kina jin sanyi?"

Ba ta yi dariya ba. Ta dai gyara mayafinta.

Ana dab da bikin muka sake zama. Ta ba da gunji, ya fito kamar ana jan buhu a kan siminti. Sa'ada ta nemi inda za ta ɗora, ta sauka, ta ƙara sauka, har muryar ta maƙale mata a ƙirji, tari ya sarƙe ta.

"Yaya Uwaliya, a sake," in ji Badi'a a hankali.

Ta sake. Iska ce kawai ta fito.

Na kifa hannu a kan ƙwarya. "To, ni na tsufa, kawaicina ya ƙare. Cire mayafin nan."

"Bari a wuce bikin."

"Amarya za ta tare ko jaki ne ya yi mata waƙa. Cire."

Ta cire. Ƙulli ne a gefen wuya, ya kai ƙwan zabuwa. Ba maƙoƙo ba ne. Maƙoƙo na san shi, yana hawa yana sauka in an haɗiyi yawu. Wannan a kafe yake. Sa'ada ta taɓa, ta janye hannu, ta kama salati.

"Tun yaushe?"

"Tun damina."

"Kin je asibiti?"

"Na je. Sun ce sai Kano. Sun ce ƙila a yanka, kuma in an yanka ƙila murya ta tafi ke nan."

"Shi ne kika dawo kika zauna?"

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ni me nake da shi ban da ita?"

Na aika aka kira babban ɗanta Jibirin daga kasuwa. Da ya ga wuyan uwarsa sai ya zauna a ƙasa. Ta roƙa a bar ta ta yi bikin Kabo kaɗai. Sa'ada ta ce ba za mu je ba, ko da ita ko babu ita, don haka ba abin jira.

Washegari aka sa ta a mota.

Yanzu tana kwance a Kano. Jibirin kan kira ni ya kara mata waya a kunne, in zage ta son raina, in ce ta tafi birni neman miji ta bar mu. Numfashinta kawai nake ji, da ɗan fito a ciki. Jiya da ya karɓi wayar na tambaye shi yaushe za a yi aikin. Ya ce, "Inna, likita bai ce komai a kan aiki ba. Tambayata ya yi me ya sa aka daɗe."