Yadda Labbo Ya Rasa Kujerar Kwamiti

Duk wanda ya taɓa lodi a tashar Gusau ya san Labbo da alli maƙale a bayan kunne. Da shi yake sallar asuba, da shi yake zuwa ɗaurin aure. Ranar sunan jikansa sai da liman ya ce, "Malam Labbo, a sauke allin nan mana, ai ba mota za mu raɗa wa suna ba!" Ku da kuka zauna da shi kun san ban ƙara gishiri ba. Ni kuwa taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, saboda haka ina da izinin faɗin abin da kuke jin nauyi.

Aikinsa a kwamitin zartarwa na ƙungiyarmu ta direbobi shi ne kula da layi. Mota ta shigo, a rubuta lambarta a allo, ta jira a cika na gabanta. Dokarsa ɗaya ce: "Wanda ya riga zuwa, shi ka lodi." Saboda wannan doka manyan 'yan kwamiti suka tsane shi kamar ciwon haƙori, don kowannensu yana da motoci a hanya kuma yana son nasa su tsallake layi. Tun ranar da ya hau kujerar suke neman ture shi. Shi ma ya san in ya sauka, mai mota ɗaya zai wuni a rana yana kallon motocin manya suna fita.

Kwamitin nan kuwa, kai! Na ja tirela zuwa Kumasi, na zauna a Kwatano da Agadas, na ga shugabannin tasha iri-iri. Na Kumasi ko ba komai za ka ga baƙin mai a farcensa. Na Kwatano zai zage ka da Faransanci, amma ya san inda ake zuba ruwan lagireto. Namu da tumbi ake gane su, da waya uku a hannu. Ga mataimaki na ɗaya, ga na biyu, ga jami'in walwala wanda walwalar gidansa kawai muka shaida.

Wata rana Ciyaman ya tara mu a tsakiyar tasha yana jawabi. "Ni nan da kuke gani, shekara talatin na yi a kan sitiyari!"

Labbo ya zaro makullin wata bas ya miƙa masa. "Madalla, ranka ya daɗe. Wagga mota ta tare hanya, taimaka ka fidda muna ita da ribas."

Ciyaman ya dubi makulli, ya dubi jama'a. "Ƙafata na ciwo yau."

"Awo," in ji Labbo. "Tun da ka bar taka kulocin mota take kewarsa."

A layin motocin Tsafe kuma, sabuwar motar mataimaki na ɗaya ta shigo fes, ko ledar kujeru ba a cire ba. Direbanta ya ce wa Labbo, "Baba, ta mataimaki ce fa." Labbo ya durƙusa har ƙasa ya rubuta lambarta a gindin allo. Mataimaki ya zo da kansa yana haki. "Labbo, ba ka san ko ni wane ne ba?"

"Na sani mana. Kai ne na sha bakwai."

Kada ku ɗauka ya bar dangi. Da na dawo gida na sayi 'yar motata, na je na rage murya na ce, "Taubashi, a duba zumunci." Ya ce, "Ashe ba kai ne mai jin Yarbanci da Zabarmanci da Fulatanci ba? To je ka zauna ka ba motarka haƙuri da kowanne, kafin ka gama layi ya zo."

Daga ƙarshe suka shirya masa. Aka kira taron kwamiti a Bungudu, ƙarfe goma na safe, za a kaɗa ƙuri'ar sauke shi, ba a sanar da shi ba sai ƙarfe tara. Muka lissafa da shi a tsaye: in ya halarta, ƙuri'a ta yi kunnen doki, magana ta mutu. In bai je ba, kujera ta tafi.

Muka ruga inda motocin Bungudu suke lodi. Garba, wani direba da ke na huɗu a layi, ya buɗe ƙofa ya ta da inji. "Baba, shigo in kai ka yanzu, kyauta!"

Labbo ya dubi allo. "Layinka ne?"

"Baba, kujerarka za su ƙwace!"

"Na ce layinka ne?"

Ya wuce ya shiga ta farko, wata tsohuwar mota da fasinja uku a ciki. Na bi shi ina zufa. Aka samu mai buhun gero, aka samu wata Inna da kaji biyu, aka samu wani Bafulatani da sandarsa. Saura mutum ɗaya. Goma ta buga. Na ce, "Labbo, don Allah bari in biya kuɗin kujerar nan mu tafi."

"Ka biya ma iska mota? In wani ya taho da uzuri fa, ya iske mun tashi?"

Direban da kansa ya ce ya yafe kujerar. Labbo ya ce in ya tashi bai cika ba, gobe kowa zai ce uzuri gare shi. Sai sha ɗaya saura muka samu cikon, wani mai gyaran rediyo da ya tsaya cinikin rake tukuna.

Muna isa Bungudu muka tarar an gama, ana cin shinkafa da kaji. Ciyaman ya taso yana suɗe yatsa, baki har kunne. "Ayya, Malam Labbo, ka makara. Ƙuri'a ɗaya ce ta kayar da kai."

Labbo ya kakkaɓe gashin kaza daga rigarsa. "Ban makara ba, ranka ya daɗe. Yanzu layina ya zo."

A hanyar dawowa na yi ta zaginsa da duk harshen da na iya. Sai da muka hango Gusau, sannan ya ce a hankali, "In na shiga motar Garba, da wane baki zan hana mataimaki gobe?" Na waiga zan ƙara masa, na ga idonsa ya yi ja yana kallon waje.

Bai shekara biyu ba bayan haka Allah ya karɓi abinsa. Yadda layi ya koma kuwa, ku da kuke wuni a rana kun fi ni sani.

Allah ya jiƙan Labbo, ya yafe masa taurin kansa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya sa ya tarar da adalcin da ya yi wa masu ƙaramin ƙarfi, ya albarkaci bayansa. Amin.