Gwaggo Ƙamus da Kalmar Mayafi

Kafin likitoci su fara zagayen safe, Gwaggo Ƙamus ta riga ta tura jakarta ƙarƙashin bencin ɗakin jira, ta goge tabarau da bakin gyale, ta tsaya a ƙofar ɗakin gwaji. Tafinta ce a asibitin da yawancin likitocinsa ba sa jin Hausa. Aikinta a takaice shi ne likita ya faɗa da Turanci, ita ta mayar wa majinyaci. Amma Gwaggo ba ta iya barin kalma ta wuce ba ta tambayi su wa suka haife ta ba. Tun tana budurwa take tono asalin kalmomi, shi ya sa nas-nas suka laƙaba mata wannan suna, ita kuma ta amsa.

Duk wanda ya taɓa kwanciya a can ya san salonta. Wani direban babbar mota ya ji likita yana maimaita muscle yana nuna cinyarsa, ido ya raina fata, ya zaci ƙafar za a yanke. Gwaggo ta ce, "Kwantar da hankalinka, direba, tsoka ce ta yage. Kalmar nan da ta firgita ka, a tsohon harshen Latin asalinta ɗan ɓera ne. Lanƙwasa hannunka ka ga yadda yake gudu a ƙarƙashin fata." Ƙaton mutum ya lanƙwasa, ya yi dariya har gadon yana girgiza. Masu zazzaɓi kuwa takan gaya musu cewa malaria muguwar iska take nufi a bakin Italiyawa, wai su ma sun daɗe suna zargin iskar fadama, sauro na gefe yana shan jininsu. A ganinta, kalmar da ka san gidansu ba ta cika ba ka tsoro ba.

Sau ɗaya wannan baiwa ta ci amanarta. Ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya, ta kwanta da ciwon daji. Likita ya ce abin da ya rage shi ne palliative, wato magani ya kai iyakarsa, sai dai a rage zafi har lokaci ya yi. Ƙanwar ta dubo ta, ta ce, "Yaya, me ya ce?" Sai Gwaggo ta fake da asalin kalmar. "Kalmar daga mayafi ta fito. Lulluɓe ki za su yi ki ji daɗin jikinki." Ba ta yi ƙarya ba, amma ƙanwar ta ɗauka sauƙi na tafe, ta hana a ɗaga hankalin ɗanta da ke karatu a nesa. Ɗan ya iso an riga an kai ta makwancinta.

Wannan baƙin ciki bai taɓa barin Gwaggo ba. Daga nan ta kafa wa kanta doka: ma'ana tukuna, asali daga baya.

A makon da za ta ajiye aiki aka kawo wani tsohon kafinta tare da 'yarsa. Likita ya duba hotuna, ya furta kalmar nan dai, palliative. 'Yar tana jin Turanci. Ta ja Gwaggo baranda tana hawaye, ta ce, "Gwaggo, don Allah ki ce masa maganin ƙarfin jiki za su ba shi."

"'Yata, na taɓa yin haka," in ji Gwaggo. "Akwai wanda Baba yake son gani?"

'Yar ta ce, "Ƙanensa. Sun daɗe ba sa ga maciji da juna. Kullum cewa yake in ya warke zai je."

Gwaggo ta ce, "To kin ji. In ya warke." Can 'yar ta share ido, ta ɗaga mata kai alamar ta yarda a gaya masa.

Nas ɗin ɗakin ta shaida abin da ya biyo baya. Gwaggo ta jawo kujera kusa da gadon. Tsohon ya ce, "Malama, ba ki faɗa mini abin da likita ya ce ba."

"Baba, ya ce ciwon ya fi ƙarfin magani. Za su rage maka zafi. Rai na Allah ne, amma in akwai abin da kake son yi, kada ka jira."

Tsohon ya ce, "Allah ya saka miki. Ku kira mini ƙanena." Sai bayan haka Gwaggo ta ba shi labarin mayafin, har ya murmusa ya ce to a samo masa mai kauri.

Gwaggo, ke ce gadar da mu ma'aikatan asibitin nan muka yi ta takawa ba mu taɓa duba ƙarƙashinta ba. Mun yi dariyar ɗan ɓeranki, mun ce kin cika tone-tone, amma babu wanda ya zauna ya koya. Kin fita da jakarki ba taro, ba ko ruwan sanyi, kuma abin kunya namu ne. Mun gode, ko da yake godiyar ta makara. Ku kuma da za ku tsaya tsakanin likita da mai ciwo, ku yi koyi da ita: ku faɗi abin da aka ce, sannan ku lulluɓa.

Ƙanen kafintan ya zo, sun yi kuka, sun yafi juna. Da 'yar ta sauko ɗakin jira tana neman Gwaggo don ta gaya mata, ta tarar babu jaka a ƙarƙashin bencin.