Ranar da Na Raka Hajiya Tasalla Sayen Bindiga ta Biyu

Wata rana... a'a, ku bari in fara da rantsuwa. Wallahi tallahi ba za ku yarda da abin da zan faɗa ba. Ni kaina da abin ya faru da ni, har yanzu akwai inda ban gane ba.

Wata rana ce ta Asabar a nan Houston, da hantsi, Hajiya Tasalla ta kira ni.

Duk Bahaushen da ke garin nan ya san ta. Ita ce mai kantin da muke sayen daddawa da kuka da kilishi. Kuma duk Juma'a in an sauko daga masallaci tana tuƙa mana tuwo a bayan kanti, kyauta.

A wurin tuwon nan, sunana Sajan.

Ga asalin sunan. Bayan na yi sallama da makaranta a zango na biyu (ni na bar ta, ba ita ta kore ni ba, a rubuta wannan), na taɓa fitowa a wani fim a Kano da har yau bai fito kasuwa ba. Soja na fito. A minti na farko aka harbe ni. Amma kafin in mutu an ɗauke ni hoto cikin kaki, na ɗaure fuska, riƙe da bindiga.

Bindigar ta katako ce. Wani kafinta ya sassaƙa ta, aka shafa mata baƙin fenti.

Da na zo ƙasar nan na nuna hoton a wurin tuwo, don in tsokani wani ɗan Zariya mai yawan cika baki. Sai kawai aka ɗauka ni soja ne na gaske. Aka matsa mini wuri. Aka turo mini ƙashin da ya fi tsoka.

To ku faɗi gaskiya, wa zai gyara irin wannan kuskuren?

Shekara uku ina ba su labarin daji. Har ni na fara tuna wasu yaƙe-yaƙen.

Mu koma kan kiran Hajiya.

Ta ce, "Sajan, ka san 'yar ƙaramar bindigar da marigayi Alhaji ya sa na yi wa takarda bayan ɓarayi sun shigo kanti? Ita nake sawa a jaka. To in na je filin koyon harbi, dukan hannu take yi mini, kwana biyu ba na iya tuƙa tuwo. An ce in nemi babba saboda gwaji. Amma so nake magazin ɗinsu ya zama ɗaya, kar ranar tashin hankali in tsaya laluben wanne ne na wacce."

Magazin, ga waɗanda ba su yi aikin soja ba, shi ne gidan harsashin da ake turawa ta gindin bindiga.

Ni ma a ranar na sani.

Na ce, "Hajiya, wannan ai ƙaramin aiki ne. Da ido a rufe nake zaɓa."

Ta ce, "Shi ya sa na ce sai kai. Masu kantunan nan in sun ga mace da mayafi sai su yi ta zuba Turanci da sauri."

Muka tafi a motarta. Ni na zauna gaba, hannu a taga.

Jama'a, kun taɓa shiga kantin bindigogi?

Duk baƙaƙe ne. Duk kamarsu ɗaya. Kamar an jera takalman makarantar kwana.

Mai kantin wani Bature ne mai jan gemu. Ya karɓi ta Hajiya, ya zare gidan harsashin, ya duba cikinta sau biyu ya tabbatar babu komai, ya ajiye. Sannan ya fito da guda huɗu ya jera, ya fara bayani.

Ya ce wannan da wannan kamfaninsu ɗaya, harsashinsu ɗaya, amma ba sa aron magazin.

Ya ce wannan kuma magazin ɗinta yana shiga waccan, amma na waccan ba ya shiga wannan.

Ya ce wasu harsashinsu layi ɗaya yake jeruwa, wasu layi biyu.

Ya ce akwai wadda yake shiga amma ba ya kamawa.

Yana shiga amma ba ya kamawa!

Ina gyaɗa kai. Ina cewa "hmm". Har na ɗaga ɗaya na rufe ido ɗaya na leƙa, kamar mai duba ƙwai a kasuwa.

Hajiya ta taɓo ni. "Sajan, ni fa na ɓace. Wace ce ke ara wa wace?"

Na ce, "Abin mai sauƙi ne. Ki ɗauka yaya da ƙanwa ne. Ƙanwa tana sa rigar yaya."

"To yayar fa?"

"Ita ma tana sa ta ƙanwar."

"Ai yanzu ya ce ba ta sawa."

"Wato... in ta rame tana sawa."

Ta dube ni. Na dubi bango. Can na hango wata mai ruwan ƙasa, ƙatuwa, tana sheƙi. Ita kaɗai ce na iya bambantawa da sauran.

Na nuna ta da baki. "Waccan. Irinta muka riƙe a daji."

Mai kanti ya sauko da ita, amma ya girgiza kai. Ya ce wa Hajiya wannan ba za ta yi musaya da tata ba ko kaɗan, kuma ta sani, bindiga in an sa hannu an fita da ita, ba a dawo da ita.

Na juya harshe zuwa Hausa. "Ƙyale shi, Hajiya. So yake ya liƙa miki wadda ta yi masa kwantai. Sabon magazin dama haka yake, sai an ɗan buga shi yake sabawa."

Ta ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Ni fa?"

Ta jawo takardar ta ɗauki biro. Tana cikewa tana cewa, "Alhamdu lillahi. Sai in riƙa sa dogon magazin ɗin nan nata a jaka a matsayin na ko-ta-kwana. In na ƙaramar ya ƙare, in tura wannan."



A raina na hango ta ita kaɗai a kanti, ƙato ya shigo, tana tura ƙarfen da ni na ce zai shiga.

Na buɗe baki. Sai na tuna ƙashi mai tsoka. Na rufe.

Allah Ya yafe mini, na rufe.

"Salamu alaikum."

Da Hausa. A bayanmu.

Wani dattijo ne siriri, farin gemu, hula zanna, yana zaune a benci da 'yar jakarsa a cinya, yana jiran layinsa na shiga filin harbi. Tun shigowarmu yana wurin. Na ɗauka ɗan Habasha ne.

Ya gaisa da Hajiya a mutunce. Ya ce mata ta dakata da biron minti ɗaya. Ya nemi izinin mai kanti, ya ɗauki mai ruwan ƙasar, ya duba cikinta, ya miƙo mini. Ya ɗora mini magazin ɗin ita mai ruwan ƙasar, wanda babu komai a ciki, a ɗaya hannun.

"Sajan, bisimilla. Saka mana mu gani."

Abu mai sauƙi. Rami ne da abin turawa.

Na tura. Ya tsaya a rabi.

Na ƙara ƙarfi. Ya ƙi.

Na doke shi da tafin hannu kamar yadda ake yi a fim. Mai kanti ya yi wata ƙara kamar an taka masa ƙafa.

Dattijon ya leƙo, ya gyara tabarau.

"Sajan, a bataliyarku baya ake harbi?"

"Na'am, Baba?"

"Na ga ka juya shi ne. Harsashin kai zai kalla."





Ya karɓa da yatsa biyu, ya juya shi, ya tura. Ƙyas. Kamar an rufe murfin biro.

Bai sake kallona ba. Ya zare shi, ya ɗauki 'yar ƙaramar ta Hajiya, ya kara mata shi a gindi. Ko bakinsa bai shiga ba. Tata siririya ce, wannan kuwa mai ƙiba.

Ya ce, "Hajiya, kin gani? Wannan ko shekara za a yi ana bugawa ba zai saba ba. Da kin sa shi a jaka, ranar da kika neme shi ƙarfe kawai za ki tarar."

Hajiya ta ajiye biron a hankali.

Ya sa mai kanti ya kawo wata baƙa marar kwalliya, 'yar gidan su tata, ta ɗan fi ta tsawo. Ya sa Hajiya ta gwada da hannunta. Dogon magazin ɗin sabuwar ya shiga ƙaramar, ƙyas. Gajeren ya shige babbar ya ɓace, bai kama ba, ya zamo ƙasa.

Ya ce, "To dogon na kowa ne, gajeren na ƙaramar ce kaɗai. Ki ɗaura wa gajerun jan zare. Kuma kar ki yarda da maganata ni ma. Ki shiga ciki ki harba da su, ki gani da idonki, sannan ki sa hannu."

Don in ɗan farfaɗo na ce, "Ai abin da nake nufi ke nan. Yaya da ƙanwa."

Hajiya ta ce, "Tanimu."

Shekara uku rabon da in ji sunan nan a bakinta.

"Je ka jira ni a mota."

Na zauna a baya wannan karon. Awa ɗaya da rabi, ba ta bar mini makulli ba, zafin Houston yana gasa ni. Dattijon ban sake ganinsa ba, ko sunansa ban ji ba. Hajiya ta ce shekara talatin ya yi yana gyaran makamai a barikin soja. Ta ce ya tambaye ta ko ina da lafiya.

A hanya na gaya mata komai. Fim ɗin, kafintan, minti na farko.

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.

Ta ce, "Naman da ka ci na yafe. Ƙaryar daji ma na yafe, ta ba mu dariya. Amma na ga fuskarka lokacin da na ce zan sa shi a jaka. Ka san ba ka sani ba, ka yi shiru."

 

Hukunci uku ta yanke. Wankin tukwanen Juma'a nawa ne har azumi. Ajin 'yan koyon harbi na ranar Asabar zan shiga, benci na gaba. Na uku, in rubuta abin da ya faru da hannuna in sa a shafin nan, da hoton, da bayanin katakon.

Yanzu haka tana zaune kusa da ni tana karantawa. Na rubuta cewa hasken kantin ne ya kashe mini ido, ta sa na goge.

Darasi: In wani ya ɗora tsaron ransa a kan maganarka, "ban sani ba" ita ce amsar da ta fi kowace tsada, ka faɗe ta tun ba a miƙo maka ƙarfen a gaban mutane ba. Kuma duk abin da aka ce maka yana shiga, ka saka da hannunka ka ji ƙyas ɗin.

Don girman Allah ku tura wa wasu. Akwai Sajan a kowace majalisa, kun san naku. Kuma Hajiya ta ce sai mutum ɗari biyar sun tura kafin in sake ganin tsoka a miyata.

Har yanzu fa ban gane wace ce ke ara wa wace ba.