Ranar da Aka Ƙirga Mutanen Tungarmu

Har yau idan na wuce magina suna kwaɓa ƙasa, ƙanshin nan sai ya mayar da ni tungarmu, can gefen Guna. Kada ka tambaye ni wanda ya kafa ta. Kakana yana cewa ubansa ne ya sare dajin. Maƙwabcinmu, wani tsohon Babarbare, ya rantse nasa uban ne ya haƙa rijiyar tun kafin nan. Kakata kuwa, idan tana lissafa mutanen gari, takan haɗa da waɗanda ke kwance bayan kukoki, ta kira su gida-gida kamar gona suka tafi. Ni dai na ɗauka haka ake ƙirga mutane.

Wata shekara bayan girbi, lokacin da ake ginin ganuwar Zinder, sai ga manzon sarki a bakin rijiya. Ya ce kowane gari zai ba da maza don aikin ginin, gwargwadon yawansa. Kakana, wanda kullum yake cika baki wai garinmu ya girmi Guna, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ai nan ba gari ba ne, bukkokin gona ne kawai."

Manzon ya juyo gare ni, ina riƙe da guga. "Yarinya, gida nawa ne a nan?"

Na shiga jero masa yadda kakata ke yi, har da gidan maƙeri da na masaƙi, waɗanda suka rasu tun ban zo duniya ba. Ina ta murna ban manta kowa ba. Na ga idon kakana ya yi ja, ban gane dalili ba.

Mutum ɗaya ya kamata mu bayar, sai aka tafi da huɗu, har da babana da ƙanensa. Innata ta yi kwanaki tana juya mini baya. Na tambayi kakata ko ƙarya na yi. Ta ce, "Gaskiya kika faɗa, amma ba irin wadda yake nema ba." Wannan amsa ta ƙara rikita ni.

Babana ya dawo kafin shuka, ƙafafunsa duk faso. Baffana bai dawo ba. Ya koyi gini, ya zauna a birni, daga baya samari suka riƙa bin sa ɗaya bayan ɗaya. Ni ma a birnin na tsufa. Tungar yanzu gonar gero ce ta wani da ban sani ba.

Kafin baffana ya rasu, ya kama hannuna yana dariya, ya ce, "'Yata, ke kika buɗe mini ƙofar arziki." Innata kuwa har ta koma ga Allah tana cewa bakina ne ya watsa garin. Dukansu sun yi ƙaunata, kuma har gobe ban san wanda zan gaskata ba.