Jinina Aka Gwada

Karatuna na boko damina ɗaya ne, a ajin yaƙi da jahilci, kuma kowa a Yakasai ya san wanda ya ci wannan yaƙin. Sana'ata wankin hula. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya zaci malami ne yake magana. Amma ko mai wankin hula yana da ikon ya ji haushi, kuma nawa haushin bai huce ba har yau.

A shekarun da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, hawan jini ya riga ya kama ni. Ina da kati a wani asibitin gwamnati, duk wata ina zuwa. An shafe bangon asibitin da sabon fenti, an manna hotunan masu neman ƙuri'a har a ƙofar bayi, amma layin yana nan yadda soja suka bar shi. Ka yi sallar asuba ka kama hanya, sai azahar za ka ga likita. In ka shiga, kansa a ƙasa yana rubutu. Na shekara biyu ina ganin wani likita, tsakiyar kansa kawai na sani. Da zan gamu da shi a kasuwa, sai ya sunkuya zan gane shi.

Ina da taubashi, ɗan goggona, tela ne a Sheshe. Ya girme ni da kaɗan, amma tun muna yara kowannenmu ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Keken ɗinkinsa na ƙafa ne, da ƙafar nan ta dama ya aurar da 'ya'ya biyar. Sai ya fara ramewa. Buta ba ta rabuwa da gefensa, ya sha ruwa, ya tashi ya zaga, ya dawo ya sake sha. Ya ce mini tafin ƙafarsa kamar tururuwa ke yawo a ciki, wani lokacin kuma in ya taka keken sai ya ji kamar ƙafar wani ce aka ara masa.

Na ce ya zo mu je asibiti. Ya ce ɗinkin mutane wa zai bar wa, shi ba zauna-gari-banza ba ne irina. Tunda dai ni can nake yini, in gaya wa likitan, in karɓo masa magani.

To, a wurinmu wannan ba abin mamaki ba ne. Haka muka tashi muka gani. Mace tana cikin gida ba lafiya, miji ya je wurin mai magani ya faɗi abin da ke damunta, a ƙullo masa. Tsoho ya kasa tashi, a je wurin malam a karɓo rubutu. Mai ciwo yana kwance, mai ƙafa ke zuwa. Ban taɓa jin an ce wa wani ya koma ya kawo majinyacin ba.

Ranar asibiti na fara da cewa ina da ɗan'uwa, sai likitan ya katse ni, ya ce kati ɗaya mutum ɗaya, in faɗi nawa kawai. A nan ne dabarata ta motsa, wadda tun ina yaro take jawo mini duka. Na ce to, ni ne. Na kwashe ciwon Tela kaf na ɗora wa kaina: ƙishirwa, fitsari, rama, tururuwa. Ina faɗin rama tumbina yana dukan teburinsa. Da ya ɗaga kai sau ɗaya, da ya gane ƙarya nake yi. Bai ɗaga ba. Ya yago takarda ya ce in je ɗakin gwaji.

Can aka soki yatsana, aka matsi jini. Wallahi ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka wannan ma cikin ƙa'idojinsu ne, kamar hawa sikeli da ake sa mu yi duk zuwa ba a taɓa gaya mana dalili ba. A tunanina likita da abin da ka faɗa masa yake aiki. Na mayar da takardar, ya kalle ta, ya ce, "Baba, ba ka da suga. Zafi ne da tsufa." Ya rubuta mini wasu jajayen ƙwayoyi na ƙarin kuzari.

Na isa Sheshe ina taƙama kamar wanda ya dawo daga Makka. Na ce wa Tela ya kwantar da hankalinsa, likita da bakinsa ya ce ba suga ba ne. Dama abin da yake tsoro ke nan, don ciwon ne ya tafi da mahaifinsa. Ya yi hamdala, ya ce ashe bawa ma yana da rana. Nan take ya aika aka damo fura, aka zuba mata suga har cokali yana tsayawa. Ni na taya shi sha.

Aka ɗauki watanni a haka. Wata rana matarsa tana share ɗaki ta ga jini a takalminsa. Aka duba, ƙaramar ƙusa ce ta huda ƙasan takalmin, ya yini yana takawa bai ji ba. Ya ce ƙaramin abu ne. Aka gasa da ruwan zafi, aka barbaɗa garin magani, aka ɗaure da ƙyallen atamfa, ya koma kan keke. Bayan mako biyu, in ka shiga shagon sai ka riƙe numfashi. Babban yatsan ya yi baƙi. Ranar ban nemi shawararsa ba, na samo mota muka sa shi, sai asibitin da nake zuwa.

Wata likita muka samu, yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba. Tana kwance ƙyallen ta tambaya tun yaushe yake da ciwon suga. Na yi caraf na ce ba shi da shi, an gwada. Ta ce a ina, na faɗa. Ta nemi takardar, na zaro ta daga aljihu, don har lokacin ina adana ta kamar takardar gida. Ta karanta, ta dube ni.

"Baba, wannan sunan waye?"

"Nawa ne."

"To jinin wa aka gwada?"

"Nawa. Amma ciwon nasa na faɗa, ban rage komai ba."

Wani nas da ke tsaye ya fashe da dariya, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji. Ya ce jahilcin tsofaffin cikin gari sai addu'a. Na ce masa, yaro, na yarda ni jahili ne, unguwarmu duk an sani. Amma shekara biyu ina zuwa gidan nan, na gaishe ku, ku amsa da hanci. Wane ne a cikinku ya taɓa gaya mini abin da ake nema a cikin jinin? Mai maganin gargajiya a bakin kasuwa yakan yi awa guda da lasifika yana bayanin basir, ko da ƙarya yake yi. Ku da kuke da gaskiyar kun rufe ta a aljihun farar riga, sannan ku yi mana dariya don ba mu san ta ba.

Likitar ta sallami nas ɗin. Ta jawo kujera ta zauna, ta yi mana bayani da Hausar da ko jikata za ta gane. Ta ce jinin kowa labarin jikinsa kawai yake bayarwa. Ta ce ciwon suga ba ya warkewa, riƙe shi ake yi da magani da kula da abinci har ƙarshen rai, haka ma hawan jinina, wanda ni kuma nake ajiye ƙwayoyinsa duk ranar da na ji garau. Ta ce ciwon yana kashe jin ƙafa, don haka mai shi ya riƙa duba tafinsa da tsakanin yatsu kullum, ya zazzage takalmi kafin ya sa. Duk maganar ba ta kai tsawon shan shayi ɗaya ba. Abin da ke ci mini rai ke nan. Ba allura ba ce da za a ce ta ƙare, ba inji ba ne da za a ce babu wuta. Magana ce kawai, kuma da na ji ta a wancan zuwan, da a kafaɗa zan ɗauko Tela.

Sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. Aka fara cire yatsan, aka jira kwanaki. Ruɓar ta haura. Aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa.

Da aka gama, wani ma'aikaci ya fito yana tambayar ɗan'uwan majinyaci. Ya miƙo mini ita a naɗe cikin farin ƙyalle, ya ce a je a binne. Ban san ƙafar mutum tana da nauyi haka ba. Na rungume ta na fita bayan ganuwa, mai haƙa ya yi ɗan rami, na sa ta da hannuna.

Da na dawo Tela ya farfaɗo. Na tsaya daga bakin gado, na kasa matsawa. Na fara neman gafara, ya ɗaga hannu ya ce in bari, shi ya aike ni. Sannan ya tambaya ko ramin ya yi zurfi. Na ce ya yi.

"To. Akwai riguna uku da na yanka ban haɗa ba, suna ƙarƙashin tebur. Ka kai wa telan da ke kusa da masallaci ya ƙarasa, kada masu su su ji shiru."

Washegari na kai. Telan ya tambaye ni ko taubashin nawa zai sayar da keken, na ce ban sani ba, ya jira a sallamo shi ya tambaye shi da kansa.