Rigar da Na Wanke

Mahaifina maɗinkin babbar riga ne, ko in ce mai zane, don a nan ya fi suna. Da alƙalamin kara da tawada irin ta allo yake fitar da zanen aska da na tambari a ƙirjin riga, daga kansa kawai, sannan allura ta bi sawu. Na taso ina ganin aikin, amma ba zan ce na taɓa tsayawa na kalle shi ba.

Shekarar da na gama jami'a ciwon yana ya rufe masa ido. Akwai wata farar riga da ya gama zanawa, ya ɗinke kusan rabi, sai allura ta gagare shi. Ta daɗe a rataye. Wata rana ya ce in tsallaka da ita Nijar wajen kawuna, wanda suka koyi sana'ar tare, ya ƙarasa.

Da na sauko da ita na ga ta yi dauɗa, ga jirwayen goro, ga gumin hannu. Na tuna za a iya buɗe jakata a kan iyaka gaban jama'a, kuma ba na so Kawu ya ce ba ma kula da tsoho. Ina jin dalilina ke nan. Wataƙila kuma kunya ce kawai. Na jiƙa ta, na cuɗa a hankali. Ruwan ya yi baƙi, na ɗauka datti ne.

A shinge, jandarma ko kallon jakar bai yi ba.

Kawu ya shimfiɗa ta bisa tabarma, ya daɗe yana dubawa. Babu ko ɗigon tawada a jikinta, sai inda zare ya riga ya bi.

"Wa ya wanke ta?"

"Ni ne, Kawu."

"Da digirin naka?" Ya fara dariya, sai ya fasa. "Ɗana, riga ba ta ganin ruwa sai allura ta ƙare."

Na tambaye shi ko zai iya zana sauran.

"Aska takwas kowa ya san ta. Amma dubi yadda ya karya wagga kwana. Ban san inda ya nufa da ita ba. In na zana, tawa ce, ba tashi ba."

Da na dawo gida Jibiya, sai da na kwana biyu kafin na iya faɗa wa Baba. Bai yi faɗa ba. Ya ce in miƙo masa alƙalami da tawada. Ya kawo rigar daf da fuskarsa, yana laluben inda zare ya tsaya da ɗan yatsa. Ya samu wurin. Ya riƙe alƙalamin a kai har tawadar ta bushe a bakin karan.

"Ninke ta," ya ce.